Yadda za ka kalli bikin balan-balan na Albuquerque, har ka hau ɗaya

Idan Allah ya kai ka Amurka a farkon Oktoba, ka nemi hanyar Albuquerque a jihar New Mexico. Can ake bikin balan-balan masu tashi da iska mai zafi na kwana 9, inda sama da 500 ke hallara. A 1972 aka fara shi da guda 13 kacal, a filin ajiye motoci na wata kasuwa.

Shawarata ta farko ita ce ka yi sammako. Ka shiga motar safa da ake tanada wa 'yan kallo tun ƙarfe 4:30 na dare, don cunkoson motoci ya wuce misali. Sallar asuba a filin za ta same ka, sai ka tafi da alwala da 'yar dardumarka. Yankin da garin yake tudu ne, kimanin mita 1,600 sama da teku, sanyin asubarsa kuwa kamar na tsakiyar hunturu yake. Ka sa rigar sanyi a kan riga marar nauyi, domin hantsi na yi za ka cire ta. Ka kuma yawaita shan ruwa.

Abin da na fi so mutum ya gane kafin ya je shi ne balan-balan ba ta da sitiyari. Matuƙi ba ya iya juya ta dama ko hagu. Abin da ke hannunsa kawai shi ne ya hura wutar gas iskar ciki ta yi zafi su ɗaga, ko ya bar ta ta huce su sauko. To ta yaya yake zaɓar inda zai nufa? A nan yanayin ƙasar ya shigo. Garin yana cikin kwarin kogin Rio Grande, tsaunukan Sandia suna gabas da shi. Da dare iska mai sanyi takan gangaro cikin kwarin daga arewa zuwa kudu, alhali ta sama tana kaɗawa daga kudu zuwa arewa. Matuƙi sai ya tashi ƙasa-ƙasa iska ta kai shi kudu, ya ƙara wuta ya hau, ta sama ta maido shi arewa, wani lokaci har ya sauka dab da inda ya tashi. Mutanen garin suna kiran wannan "akwatin Albuquerque". Ba kullum yake samuwa ba, kuma rana na dumama ƙasa yake watsewa. Dalilin sammakon ke nan.

Tun da duhu wasu 'yan ƙalilan ke fara tashi, sauran matuƙa suna kallon fitilunsu don sanin inda iska ta dosa. Wajen ƙarfe 7 sai a saki sauran rukuni-rukuni. Ana barin 'yan kallo su yi yawo a tsakaninsu, amma kar ka taka ƙyallen balan-balan da aka shimfiɗa, kuma idan masu riga mai zanen baƙi da fari suka busa usur, ka kauce. Su ke ba da izinin tashi.

In hawa za ka yi, ka biya kuɗi tun watanni kafin bikin. Ka sa takalmi rufaffe da hula, don zafin wutar yana dukan tsakiyar kai. Tafiyar takan ɗauki kamar awa guda. Wajen sauka ka riƙe igiyoyin cikin kwandon da ke ɗauke da ku, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, kar ka fita sai matuƙi ya ce ka fita, domin nauyinka na raguwa za ta iya sake ɗagawa da sauran mutane. Akwai al'adar buɗe kwalbar giya bayan sauka. Ka gaya musu tun farko a kawo maka lemo. In iska ta yi ƙarfi aka fasa tashi, kar ka yi musu da matuƙi, ya fi ka sanin abin da yake gudu.

Kafin ka bar wurin, ka leƙa gidan tarihin balan-balan da ke gefen filin. 'Yan'uwa biyu, su Montgolfier, suka ƙirƙiro abin a Faransa a 1783. A watan Satumba suka tura tunkiya da agwagwa da zakara sama a Versailles, sai ranar 21 ga Nuwamba mutum biyu suka tashi a Paris. Irin ta yau mai aiki da gas kuwa Ed Yost ne ya fara tashi da ita a jihar Nebraska ta Amurka a 1960. Gidan tarihin yana ɗauke da sunan Maxie Anderson da Ben Abruzzo, mazauna Albuquerque a lokacin, waɗanda tare da Larry Newman suka fara tsallake Tekun Atlantika a balan-balan a 1978.