Yadda za ka fara karanta rubutun Dalit da Adibasi na Indiya daga ƙauye

Mu nan gefen Ringim kusan kowa ya tashi da kallon fim ɗin Indiya, mun san Thakur mai gashin baki da gonaki, amma mutumin da aka hana ɗiban ruwa a rijiyar Thakur ɗin ba mu taɓa jin ta bakinsa ba. Irinsa ake kira Dalit, ma'ana waɗanda aka murƙushe, su ne tsarin bambancin asali na Indiya ya ajiye a can ƙasa, kuma sun yi rubutu da Hindi da hannunsu. Ni malamin firamare ne, da waya da ɗan data na fara, to ga yadda zan ba ka shawara ka bi.

Kafin komai ka ɗan karanta tarihin Ambedkar. Ɗan Dalit ne da ya yi karatu har Amurka da Ingila, ya jagoranci kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin Indiya, wanda sashe na 17 a cikinsa ya haramta ƙyamar taɓa mutum saboda asalinsa tun 1950. In ba ka san shi ba rabin abin da marubutan nan ke faɗi zai wuce ka, don kusan dukkansu daga gare shi suka sha. A ƙidayar 2011 Dalit sun haura miliyan 200, ka ga ba ƴan tsiraru ba ne.

Sai ka nemi Joothan, tarihin rayuwar Omprakash Valmiki, ɗan Dalit, da ya rubuta da kansa, ya fito 1997, akwai fassarar Turanci tun 2003. Dan Allah da shi za ka fara, kar ka fara da makalolin ƴan jami'a. Sunan littafin ma suɗi yake nufi, sauran abincin da wani ya ci ya rage. A wurinmu suɗin uba ko na malam albarka ne, yara har rububinsa suke, amma shi Valmiki a ƙauyensu Barla can jihar Uttar Pradesh, in ana biki danginsa sai su zauna a waje da kwanduna suna jiran abin da baƙi suka rage a ganyen da suka ci abinci a kai, su shanya guntayen a rana su ajiye don damina, har ranar da mahaifiyarsa ta roƙi mai biki abinci mai kyau don ƴaƴanta ya wulaƙanta ta, ita kuma ta kifar da kwandon a gabansa. Wallahi a nan sai da na ajiye wayar na fita waje. Haka wurin da hedimasta ya sa shi sharar filin makaranta kwana da kwanaki ƴan ajinsu na ciki suna karatu, sai da babansa ya zo ya fizge tsintsiyar ya jefar. Duk malamin makaranta ya kamata ya karanta wurin nan a hankali.

Bayan shi ka ɗauko gajerun labaran Premchand, babban marubucin Hindi da ya rasu 1936, ka ajiye su gefe da gefe da Joothan. Ya tausaya wa Dalit sosai, amma shi ba Dalit ba ne, kuma marubutan Dalit da yawa sun ce tausayi daban, wanda abin ya ci a jikinsa daban. Ni ina bayansu a wannan, jiki magayi. Kar kuma ka tsaya kan maza, Kausalya Baisantri, ita ma ƴar Dalit, ta rubuta nata tarihin a 1999, kan wulaƙancin asali da na zama mace a haɗe.

Adibasi kuwa kar ka cakuɗa su da Dalit, nan mutane ke yawan kuskure (in za ka bincika a intanet ka rubuta Adivasi). Su ƙabilun asali ne na daji da duwatsu irin Santal da Munda da Oraon, sun haura miliyan 100, kukansu ruwa da daji da ƙasa ne, yadda madatsun ruwa da haƙar ma'adinai suka tashe su daga gonakin kakanni. Waƙoƙin Nirmala Putul da Jacinta Kerketta daga jihar Jharkhand gajeru ne, ko sabis na rawa za ka iya buɗe ɗaya. Wanda aka taɓa karɓe wa gona aka ba shi diyyar da ba ta kai kuɗin taki ba zai gane su nan take.

In ka karanta, kai shi majalisa. Ni bayan isha'i nake fassara shafi biyu uku na Joothan da baki a ƙofar gidan Baba Liman, kuma kullum sai wani ya ce "ai mu Musulunci ya raba mu da wannan". Gaskiya ne tsarin nasu ba irin namu ba ne, mu sahu ɗaya muke bi a masallaci, kwano ɗaya muke ci, kar ka yi musu da shi. Amma ka tambaye shi cikin ladabi, ranka ya daɗe, in ɗan mahauci ko ɗan wanzami ya zo neman ƴarka me za ka fara bincikawa? Daga nan ka yi shiru ka bar dattawa su yi maganar. Ranar da na yi tambayar nan sai ƙarfe sha ɗaya muka tashi, satin nan kuma su da kansu suka ce in kawo babin makarantar.