Yadda Ɗalibi Zai Ɗaga Makinsa a Jarrabawar JAMB

A jarrabawar shiga manyan makarantu ta UTME da hukumar JAMB ta shirya a shekarar 2025, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu da suka zauna ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba, bisa sakamakon farko da hukumar ta fitar. Da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai sun yi karatu gwargwadon hali, sai dai sun yi shi ne ba tare da sanin tsarin jarrabawar da za su fuskanta ba.

Tsarin kuwa a fili yake. Darussa huɗu ake yi, kowanne maki 100: Turanci, wanda dole ne ga kowa, da wasu uku da suka dace da kwas ɗin da ɗalibi yake nema. Turanci na da tambayoyi 60, sauran kuma 40 kowanne, jimilla 180, kuma duka za a amsa su ne cikin awa biyu a kan kwamfuta. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 kawai take da shi. Kafin komai, sai ɗalibi ya duba kundin kwasa-kwasai na hukumar ya tabbatar da haɗin darussansa, domin mai neman likitanci Fiziks da Kemistiri da Bayoloji zai haɗa, mai neman injiniyanci kuma Lissafi da Fiziks da Kemistiri, kuma kuskure a nan na iya hana mutum gurbi komai yawan makinsa.

Sai manhaja, wato jerin babukan da za a karanta a kowane darasi. JAMB na wallafa ta kyauta a shafinta na intanet, kuma daga cikinta ake fitar da tambayoyi. Ɗalibi ya buga ta kowane darasi a takarda, ya riƙa sa alama a kan duk babin da ya gama.

Inda aikin yake shi ne tsofaffin tambayoyi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Abin da aka saba gani shi ne ɗalibi ya buɗe littafin, ya karanta tambaya, ya juya baya ya leƙa amsa, ya gyaɗa kai ya wuce, wanda a ganina ɓata lokaci ne kawai. Hanyar da ke ƙara maki ita ce ya zauna shi kaɗai da agogo a gabansa, ya amsa tambayoyi 40 na darasi guda cikin minti 25 ba tare da ya tashi ko ya duba littafi ba, sannan ya yi wa kansa maki. Bayan haka ya tanadi littafin rubutu na musamman inda zai rubuta kowace tambaya da ya faɗi tare da dalilin faɗuwar: ko bai san babin ba ne sam, ko ya sani amma gaggawa ta sa bai lura da kalmar da ke juya ma'anar tambayar ba, ko kuwa lokaci ne ya ƙure masa. Kowane dalili da maganinsa, kuma bayan 'yan makonni littafin zai nuna masa babuka biyu ko uku da suke cinye masa maki, waɗanda su ya kamata ya kai wa malami. A lura kuma cewa amsoshin da ke bayan littattafan kasuwa ba duka ne daidai ba. Idan amsa ta saɓa wa littafin karatu, a bi littafin karatu.

Turanci ya cancanci kulawa ta daban. Akwai tambayoyi kan littafin labarin da hukumar ke zaɓa, kuma waɗannan maki ne masu sauƙin samu ga wanda ya karanta shi da kansa maimakon dogaro da taƙaitawa. Ɓangaren furuci, wato wasula da inda ake ƙarfafa gaɓar kalma, yakan wahalar da ɗalibanmu, kuma sauraron kalmomin a ƙamus na waya ya fi haddace su daga takarda amfani.

Tun 2015 aka mayar da jarrabawar gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka wanda bai saba da ita ba ya nemi wurin gwaji, ya kuma yi rajistar jarrabawar gwajin da hukumar ke yi kafin ta gaske. Maɓallan kaɗan ne: A zuwa D don zaɓen amsa, N don ci gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Na'urar lissafi tana kan allon, ba a shiga da wata.

A cikin ɗakin jarrabawa, ɗalibi ya fara da darasin da ya fi ƙwarewa a kai, ya tsallake duk tambayar da ta riƙe shi ya dawo mata daga baya, kuma kada ya bar ko ɗaya babu amsa, tunda ba a rage maki saboda kuskure. Ya buga takardarsa ta shiga da wuri, ya je ya gano cibiyar kafin ranar. Ɗalibai mata kuma su guji ƙunshi a yatsu a kwanakin rajista da na jarrabawa, domin lalle na hana na'ura karanta zanen yatsa, kuma wanda na'ura ba ta tantance ba ba a barinsa ya shiga.