Yadda ake noman turufil na kasuwa

Turufil dangin naman kaza ne, amma shi a ƙarƙashin ƙasa yake 'ya'ya, manne da saiwar itace. Itacen ya ba shi abinci, shi kuma ya jawo wa itacen ruwa da sinadarai. Saboda haka mai nomansa itatuwa yake dasawa, galibi irin waɗanda Turawa ke kira ok (oak) ko hazal (hazel). Wanda aka fi nomawa shi ne baƙin nan na Faransa, Tuber melanosporum.

Fara da ƙasa, tun kafin ka sayi dashe ko ɗaya. Kai ta ɗakin gwaji: ana son pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, tsakanin 7.5 da 8.3, a wurin da ruwa ba ya kwanciya. In tsami ya yi mata yawa sai a zuba garin farar ƙasa, yadda manoman Ostareliya ke yi. Yanayi kuwa ba ya gyaruwa. Inda babu hunturu mai sanyi na gaske irin na Turai, kada ma a soma.

Sai dashe, kuma a nan aka fi cutuwa. Tun shekarun 1970 masana a Faransa da Italiya suka gano yadda ake sa wa saiwar ƙananan itatuwa ƙwayoyin turufil a gandun reno. Kada takardar mai sayarwa ta ishe ka. Sa a duba saiwar da madubin likita, a yi gwajin DNA, don irin wani turufil mai arha, Tuber brumale, yakan shigo a ɓoye, kuma sai bayan shekaru asiri zai tonu.

Bayan dasawa, aikin bai wuce cire ciyawa, rage rassa don rana ta isa gindi, da ban ruwa kaɗan-kaɗan lokacin zafi ba. Ranar da ka ga ciyawa ta mutu a kewayen gindin kamar an babbake wurin, turufil ya kama.

Binciken ƙwayoyin halittarsa na 2010 ya nuna jinsi biyu gare shi, sai sun haɗu yake 'ya'ya. Shi ya sa manoman Teruwel a Sifaniya ke haƙa 'yan ramuka kusa da saiwa su zuba ƙwayoyin irinsa, don jinsin biyu su haɗu.

Girbin farko yakan ɗauki shekara 5 zuwa 8. Kare ake horarwa ya sansano wanda ya nuna. Da ya karci ƙasa, sai manomi ya durƙusa ya tona a hankali. A Turai daga Nuwamba zuwa Maris ake girbi, a Ostareliya Yuni zuwa Agusta. Nemi mai saye tun kafin ka tono, don ƙamshinsa ba ya wuce mako biyu.