Yadda na gyara sitatar tsohon babur ɗina

Tun farkon damina babur ɗin da na gada a wurin kawuna, Honda CB350 ƙirar 1972, ya daina tashi da maɓalli. Idan na danna sai in ji "ƙas" sau ɗaya daga ƙarƙashin sit, sannan shiru, don haka kusan wata guda ina tayar da shi da ƙafa a ƙofar gidanmu a Agege.

Batir na fara zargi, amma mita ta nuna bolt 12.6, wato cajinsa cike yake, kuma wannan ƙarar ta tabbatar mini cewa solinoyid, wato makunnin da ke tura wutar batir zuwa sitata, yana amsawa. Da na kwance wayar da ke haɗa batir da jikin babur, sai na tarar da bakinta ya yi kore, tsatsa kuma ta cinye gindin notin, aikin danshin Legas da iskarta mai gishiri. Na goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, na ɗaure, na shafa giris.

Sitata, wato ƙaramin injin lantarkin da ke tayar da babur, ta juya, amma da kasala. Na cire ta na buɗe, sai ga burushin kabon, wato 'yan guntayen kabon da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, sun siɗe, baƙin gari ya lulluɓe tagullar da suke goga. Na sayo sababbi a kasuwar Ladipo bayan na tafi da tsofaffin don gwada tsawo da kauri, na wanke tagullar, na mayar da komai. Alamar da na zana a jikin murfin kafin kwancewa ce ta hana ni ɗaura shi a karkace. Yanzu dannawa ɗaya yake tashi, ko da ya kwana cikin ruwan sama.