Kitso da kwarkwata: kurakuran da ma'aurata suka fi yi a gyaran tsohon gida

Wata uku da gama fentin falonmu, wata safiya na ɗaga kai na hangi tabo a kusurwar silin, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Kafin mako ya zagayo ya kai faɗin faifai, fentin bangon da ke ƙarƙashinsa ya kumbura yana ɓarewa kamar saɓar maciji. Sati biyu cur muka kwashe ni da maigidana muna gardama a kan kalar wannan fenti. Rufin kuwa, ko minti 10 ba mu ba shi ba.

Maginin da muka kira ya hau tsani, ya sauko riƙe da ƙusoshi uku da tsatsa ta cinye, ya ce: "Uwargida, ai kitso kuka yi da kwarkwata." Ban ji daɗin maganar ba, amma gaskiyarsa.

Wannan shi ne uban kurakurai: a fara da abin da ido ke gani. Sabbin shiga tsohon gida suna ɗokin su ga ya zama nasu, kuma fenti da labule ne ke saurin ba da wannan gamsuwa. Amma aiki yana da layinsa, kuma wanda ya tsallake layi sau biyu yake biya. Rufi da magudanan ruwa su ne farko. Sai tushe da bango, sai wayarin da bututun ruwa, tun da su ne ke sa a fasa bango. Bayan nan filasta da silin, sannan daɓe ko tayil. Fenti yana can kusa da ƙarshe, labule da kujeru su rufe baya. Idan kuɗin ba za su kai ƙarshen layin ba, a tsaya inda suka tsaya. Gidan da bangonsa bai sha fenti ba amma ba ya yoyo, ana kwana a cikinsa lafiya.

Ruwa ne babban abokin gabar tsohon gini, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne aka fi yin gyaran gangar Auzinawa. An ga danshi a gindin bango, filasta tana fitar da farin gari kamar gishiri, sai a ce a kawo siminti mai ƙarfi a shafe, a bi da fenti mai sheƙi wanda ruwa ba ya ratsawa. Shekara ɗaya abin ya yi kyau. A ta biyu danshin ya haura sama da inda aka shafe, ya ɓullo ta can.

Dalilin ba wani boyayye ba ne. Simintin da muka sani, wani magini ɗan Ingila mai suna Joseph Aspdin ne ya yi masa rajista a 1824, kuma sai da aka daɗe kafin ya game duniya. Tsofaffin gine-gine da yawa an ɗora su ne da laka, ko da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Irin wannan bango yana shan laima, yana kuma fitar da ita idan iska ta buga shi. Siminti ya fi shi tauri kuma ba ya barin laimar ta fita da sauƙi, sai ta taru a ciki tana cin bangon a ɓoye. Wata rana a ƙwanƙwasa a ji yana amo kamar ganga, filastar ta rabu da jikin ginin. Maganin shi ne a gyara bango da irin abin da aka gina shi da shi, kuma kafin nan a nemo inda ruwan ke fitowa. Sau da yawa ba wani abu mai tsada ba ne: indararo ya karye yana zuba a gindin bango, ko bututu yana ɗiga a cikin gini, ko ƙasar waje ta taru ta fi daɓen ciki tudu. Ana so ƙasar waje ta yi ƙasa da shingen hana danshi na ginin, wato shimfiɗar da ake sawa a gindin bango don kada laima ta hau, da kamar santimita 15, ta kuma gangara nesa da gida. A toshe mafarin, a ba bangon lokaci ya bushe. Watanni yake ɗauka, ba kwanaki ba, kuma wannan jiran ne ma'aurata da yawa ba sa iyawa.

Tsagewar bango ma haka. Siririya kamar gashi a jikin filasta yawanci ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ke bin layin bulo kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, ko ta kai milimita 5, ba aikin mai fenti ba ce. Ku ja layi da fensir a ƙarshenta, ku rubuta kwanan wata, ku dawo bayan wata biyu. Idan ta wuce layin, ginin yana motsi, injiniya za a kira.

Shi ma injiniyan, a tuna da shi kafin a ce "a rushe wannan bangon falo ya yi girma". Wani bangon raba ɗaki kawai yake yi, wani kuwa shi ke ɗauke da rufi ko bene. Ido ba ya bambance su, mai guduma kuma ba zai ce bai sani ba. A wurare da dama ma sai da izinin hukuma ake taɓa irin wannan.

Akwai abubuwa biyu da ba a wasa da su, kuma masu son yin aikin da hannunsu su ne suka fi faɗawa ciki. Na farko tsohon fenti mai gubar dalma. Amurka ta hana amfani da shi a gidaje a 1978, amma ƙasashe da yawa sun makara sosai, don haka ƙarancin shekarun gida ba hujja ba ne. Yana zaune lafiya a bango bai cika cutarwa ba. Ranar da aka sa masa sanfefa a bushe, ko aka ƙona shi da wuta, ƙurar ta bi iska ta sauka a ƙasa inda yaro ke rarrafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa ba, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi cutuwa. A gwada fentin kafin a kankare, mai juna biyu da yara su bar wurin. Na biyu shi ne asbestos, wani ma'adini mai zare-zare wanda aka riƙa sawa a allunan silin, kwanon rufi na siminti da wasu tsofaffin tayil. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Idan aka fasa shi ko aka huda, zarensa da ido ba ya gani yana shiga huhu, ciwon kuma sai bayan shekaru 20 ko fiye yake bayyana. Abin da ake zargin yana da asbestos, a bar shi yadda yake har masani ya duba.

Wayarin kuwa, kuskuren shi ne a sauya makunni da soket su yi fari fes, a bar tsofaffin wayoyi a cikin bango. An ja su ne a zamanin da gida bai wuce 'yan fitilu da rediyo ba. A sa mai lasisi ya gwada su, a kuma saka na'urar nan da ke katse wuta da kanta idan 'yar wuta kaɗan, mai awon miliamfiya 30, ta kauce hanya, wadda ke ceton rai a banɗaki da kicin. Tun bango yana buɗe, ku ɗauki hoton duk inda waya da bututu suka bi. Ranar da za a kafa ƙusa za ku gode wa kanku.

To, duk wannan aikin gini ne, kuma mai sana'a na iya faɗa muku. Wanda ba zai faɗa muku ba shi ne abin da ya shafe ku ku biyu.

Mai wayarinmu ya zo da safe ya tarar da maigida, ya tambaye shi inda za a sa soket a ɗakin kwana. Ya nuna masa bangon gabas. Da yamma na shigo na ga an fasa bango, na ce ai nan gado zai zauna, a mayar yamma. Ya ce to. Washegari maigida ya dawo ya ga an toshe nasa ramin. Ranar ba mu yi wa juna magana mai daɗi ba.

"Maigida, ka tambaye ni ina gado zai zauna?"

"Ke kuma kin tambaye ni kafin ki sa a sake fasa bango?"

Mai wayarin yana gefe yana naɗe wayarsa, bai ce uffan ba. Ramuka biyu ya haƙa, kuɗin biyu ya karɓa, kuma ba laifinsa ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga ranar muka yanke cewa baki ɗaya ne ke ba ma'aikata umarni a kowane fanni: shi ya riƙe rufi, wuta da ruwa, ni na riƙe kicin, tayil da fenti. Amma riƙe fanni ba yanke hukunci kai kaɗai ba ne. Muna gama magana a gida, wanda ke da fannin ya je ya isar. Idan ma'aikaci ya tare ɗayanmu da tambayar da ba mu tattauna ba, amsar ɗaya ce: "Bari mu yi shawara, gobe za ka ji." Ban taɓa ganin aikin da ya lalace saboda wannan kwana ɗayan ba.

Wani abin da ya taimake mu shi ne kowa ya rubuta abu uku da ba zai iya haƙura da su ba, shi kaɗai, sannan a haɗa takardu. Na yi mamaki. Ashe kalar falon da muka yi sati biyu muna ja-in-ja a kanta ba ta cikin ukunsa, ba ta cikin nawa. Shi wurin ajiye littattafansa yake so da ƙofar da ba ta ƙara. Ni tagar kicin nake so a faɗaɗa. Sauran duk taurin kai ne kawai.

Ku kuma yi hattara da baki na uku. 'Yan uwa da abokai za su zo ganin aiki, kowa da shawararsa, kuma mafi zafinta ita ce wadda ɗayanku zai ɗauko ya kawo a matsayin hujja: "ai ko yayata ta ce kalar ba ta yi ba." A saurara, a yi godiya, a bar ta a bakin ƙofa.

Sai kuɗi. Ƙiyasin da aka ba ku na abin da ake gani ne, tsohon gida kuma sai an buɗe shi yake faɗin gaskiya: a ɗaga silin a tarar gara ta cinye katako, a cire tayil a ga bututu ya ruɓe. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ware kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a gefe. Ni dai a tsohon gida ba zan yi ƙasa da 20 ba. Kuma ku amince tun farko cewa wannan kuɗin na abin da ya ɓullo ne, ba na fitilar da aka gani aka ƙyasa ba. Ku sa wani adadi wanda duk sayayyar da ta haura shi sai da sanin juna. Littafi ɗaya, rasit duka a ciki. Ɓoye farashi don gudun magana yana jinkirta faɗan ne kawai, ya kuma ƙara masa gishiri.

Ɗan kwangila kada a ba shi kuɗinsa duka a gaba, komai daɗin bakinsa. Kafin alƙalami daidai gwargwado, sauran kashi-kashi yayin da kowane mataki ya kammala, a riƙe ciko har a zagaya tare a duba. A rubuta abin da zai yi da abin da ba ya ciki. Wanda ƙiyasinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran, ku tambaye shi me ya tsallake.

Idan an zo kan ado, kurakuran ƙanana ne amma suna da ciwo. Ana zaɓar fenti daga ɗan kati a shago ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. A saya kaɗan, a shafa faɗin mita ɗaya a bangon, a kalle shi da safe, da rana, da dare, domin fitila mai hasken ɗorawa da mai farin haske kowace kalarta take nunawa. Ana fente sabuwar filasta tun ba ta bushe ba, sai fentin ya tashi. Ana sayen tayil daidai awo, alhali yanka da fashewa suna cin kusan kashi 10 cikin 100, kuma idan aka koma ƙarowa, wanda za a samu ba tare aka gasa shi da na farko ba, kalarsa ta ɗan sha bamban. Ana sayen kujera an auna falo, an manta ba a auna ƙofa ba. A tsohon gida ma kada a auna bango a wuri ɗaya, don da wuya a samu kusurwar da ta miƙe sak. A auna ƙasa, tsakiya da sama kafin kafinta ya yanka katako.

Wanda ya fi ba ni takaici idan na gani shi ne cire duk wani abu tsoho don kawai tsoho ne. Ƙofofin da muka tarar na katako ne mai nauyi, fenti hawa huɗu a kansu, kuma saura ƙiris mu musanya su da na zamani masu rami a ciki. Kafintan ne ya ƙwanƙwasa ɗaya da bayan yatsa ya ce irin wannan katakon yanzu sai an tona. Ku zauna a gidan na ɗan lokaci in da hali, ku ga ta ina rana ke shigowa, ina iska ke bi, kafin ku toshe taga ko ku tumɓuke wani abu. Wanda ya gina shi sau da yawa yana da dalili.

In kuma a cikin gidan za ku zauna ana aikin, kada ku buɗe ɗakuna duka lokaci guda. Ku bar ɗaya da ba a taɓa ba, a rataya leda a ƙofarsa saboda ƙura, kada buhun siminti ko bokitin fenti ya shiga. Namu ƙaramin ɗakin baya ne, katifa a ƙasa, da dokar cewa daga ƙarfe 9 na dare ba a ambaton magini a cikinsa. Maigida ne ya kafa dokar, shi ne kuma ya fara karya ta, daren da ya tuna ba mu ɗauki hoton bututun banɗaki ba kafin a rufe shi da tayil.