Yadda ɗan soja zai zauna daram a makarantar kwana

Ni a barikin soja na tashi, babanmu har ya yi ritaya samanja ne, kuma kafin in gama firamare sai da na yi makaranta uku. An haife ni muna barikin Bukavu a Kano, na fara aji ɗaya a Rukuba ta Jos, sigina, wato umarnin canjin wurin aiki, ta fito aka cilla mu Odogbo a Ibadan, mun fara tsintar Yarbanci kenan sai ga wani fostin ɗin zuwa Giginya a Sakkwato. Da na isa sakandare Baba ya ce shi kam ya gaji da yawo da takardun canjin makaranta, a kai ni bodin in zauna wuri ɗaya. To wannan rubutun na ƙannenmu ne 'ya'yan sojoji da za a kai makarantar kwana bana, musamman masu shiga a tsakiya, JSS3 ko SS1, waɗanda sun riga sun yi wayo sun san ɗacin rabuwa.

Da farko ka san wace irin makaranta za a kai ka, don ba duka suke ɗaya ba. Akwai ta soja zalla kamar NMS ta Zariya wadda aka kafa tun 1954, ko ta sojan sama da ke Jos da aka buɗe a 1980, nan kam kaki za ka sa, akwai fareti akwai sara wa na gaba, rayuwar bariki ce aka ƙara mata aji. Akwai makarantun Command irin na Kaduna da Jos da Suleja, soja ke riƙe da su, kwamanda hafsa ne, amma 'ya'yan farar hula sun cika su. Sai kuma makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya da na jiha da na kuɗi, inda za ka iya samun ɗan ajinku bai taɓa taka ƙofar bariki ba. Kar ka tsaya kan takardar da makaranta ta bayar kawai, ka nemi wani yaro a layinku da ya yi wannan makarantar ka zaunar da shi ka tambaye shi komai, ruwa, abinci, siniyoyi. Idan ba ka san kowa ba Mama ta tambayi Magajiya, shugabar matan bariki, ko matan mami maket, kasuwar bariki, wallahi kafin yamma an nemo maka mutum.

Abu na biyu, kuma shi ne mutane suka fi wasa da shi, maganar wanda za a kira. Yaran farar hula lambar babansu ɗaya ta isa, kai taka ba haka take ba, Baba zai iya yin sati uku a daji babu sabis. A fom ɗin makaranta a sa lamba uku, ta Mama, ta wani kawu ko gwaggo da ba a yi masa fostin, sannan ta wani amintacce a garin da makarantar take, ko da abokin aikin Baba ne da ya yi ritaya a can. A kai shi gaban hawus masta ko matiron su ga fuskarsa, a rubuta cewa shi yana da izinin ɗaukarka. Lambobin nan ka haddace su kamar Fatiha, don yawancin makarantun kwana ba a barin waya, takarda kuma tana ɓata. Ka haɗa sakamakon duk makarantun da ka yi da takardar haihuwa a fayil guda, a yi hoto biyu-biyu, na asali ya zauna wajen Mama. In kana da sikila ko asma ko olsa a faɗa wa nas ɗin makaranta ranar farko, ba sai ciwo ya tashi da tsakar dare ba.

Kaya ba sai na ja ba, mu da muka saba ɗaure kaya. Akwatin ƙarfe da kwado mai kyau, bokiti biyu, gidan sauro, tocila, garin kwaki da ƙuli da yaji da suga da madara, in Jos ce ko Zariya to bargo da rigar sanyi da man shafawa dole ne saboda hunturun can ba wasa. Ka rubuta sunanka a komai har cokali. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kar ka ɗauki komai na kakin Baba, ko hula ko bel ko riga mai ɗigon daji, doka ta hana farar hula sa su, kuma za su jawo maka idon da ba ka buƙata.

Sati biyun farko za ka ga kamar kai ka fi kowa sauƙi, kuma gaskiya ne. Tashin asuba, gyaran gado, goge takalmi, jin ƙararrawa a tashi a guje, duk ka taso ka gani a gida. Yi amfani da shi, amma kar ka yi burga, wanda ka ga yana fama da ɗaura gidan sauro ka taya shi, daga nan ake samun aboki na farko. Inda za ka sha wuya shi ne tambayar nan ta "kai ɗan ina ne?" Mu ba mu da amsa guda, garin Baba sai da salla muke zuwa, wani ma bai taɓa kwana goma a jere a can ba. Ka shirya amsarka tun daga gida, gajeriya: asalinmu wuri kaza ne, babana soja ne, mun zauna nan da nan. Shikenan. Za su yi dariyar Hausarka in ta gauraya da burokan ɗin bariki, ka bar su, kafin zango ya ƙare su ne za su zo kana yi musu tafinta da yaran kudu.

Sannan ki ji wannan da kyau ƙanwata, don ku ya fi shafa. A bakinmu "'yar bariki" ma'anarsa wadda ta tashi a barikin soja, amma a bakin Bahaushen gari kalmar zagi ce, ana nufin marar kamun kai. Kar ki gabatar da kanki da ita, ki ce ke 'yar soja ce. Wadda ta kira ki da ɗayan sunan ki gyara mata sau ɗaya cikin natsuwa, in ta maimaita da niyyar cin fuska ki kai wa matiron, kar ki bari ya zama laƙabi ya bi ki har SS3.

Mataki na gaba, muƙamin Baba ka ajiye shi a get. In ɗan kanar ne kai, babu odale mai yi maka hidima a hostel, da hannunka za ka wanke kwanonka, kuma ranar da ka ce "ka san waye babana" ranar ka rasa rabin ɗakin. In kuma ɗan kofur ne ko saje, kar ka riƙa sunkuyar da kai don ka ga ɗan hafsa, rabon kwatas na hafsoshi da na ƙananan sojoji a bariki ya tsaya, a aji biro ne ke magana.

Maganar siniyoyi kuwa zan daɗe a kanta don nan ne tarbiyyarmu take cutar da mu. An rene mu a kan a bi umarni tukuna sannan a yi ƙorafi, kuma namiji ba ya kai ƙara. To siniyoyi suna gane wannan da wuri, sai su mayar da kai jakinsu tunda sun san ba za ka yi magana ba. Ka raba abu biyu. Shara, ɗibar ruwa, yankan ciyawa ranar leba, layin dainin, wannan aikin makaranta ne kowa ya yi, ka yi shi ba tare da ɓata rai ba. Amma duka har a ji maka ciwo, ƙwace kuɗi ko abinci, hana ka barci, ko wani ya ce ka zo gadonsa da dare ko ya taɓa jikinka inda bai dace ba, wannan ba horo ba ne, ko a soja laifi ne. Ka faɗa wa hawus masta a ranar, in bai yi komai ba ka je wajen malamin ba da shawara ko mataimakin shugaban makaranta, ka kuma faɗa wa mutumin nan da aka rubuta a fom. Ni na yi zango guda cur wani siniya yana karɓe min rabin kuɗin kashewa ina shiru, wai kar a ce ɗan soja rago ne, ranar da na yi magana a kwana biyu aka kashe zancen, kuma ashe mu huɗu yake yi wa.

Yanzu ga abin da ya fi komai a wajena: ka kwance kayanka. Ba na akwati kaɗai nake nufi ba. Mu 'ya'yan soja muna da wata ɗabi'a, ba ma sakin jiki da mutane sosai saboda zuciya ta saba cewa shekara biyu za a tashi, sai ka ga yaro yana wasa da kowa amma ba shi da aminin da ya san cikinsa. To bodin ita ce wuri na farko a rayuwarka da sigina ba za ta ɗauke ka ba, ko an mayar da Baba Fatakwal ko Inugu kai kana nan gadonka yana nan. Saboda haka kafin wata ɗaya ka zaɓi abu guda ka shiga da gaske, ƙwallo ko muhawara ko kulob ɗin kimiyya, MSS in Musulmi ne kai, FCS in Kirista ne. Kowa zai tura ka kadet tunda ka iya maci, ba laifi ka shiga in kana so, amma ka haɗa da wani abin da ba ruwansa da soja don ka san kanka ta wata fuskar. Kuma kar ka maƙale wa 'yan bariki 'yan uwanka kaɗai duk da daɗin hirarsu, ka nemi aboki ɗan gari ko ɗaya, irin wanda mamarsa za ta riƙa zuba abinci da kai ranar bizitin.

Sai labarin fagen daga. Ina SS1 a 2007 Baba yana Darfur cikin rundunar Tarayyar Afirka, da azumi ƙarshen watan Satumba aka kai hari sansanin Haskanita aka kashe sojoji, akasarinsu 'yan Najeriya. A rediyon maigadi na ji bayan shan ruwa, ban san ko a wane sansani Baba yake ba, kwana uku ban ci abin kirki ba ban kuma faɗa wa kowa ba, sai da wani malami ya lura ya kira Mama a wayarsa aka ce yana wani wuri daban lafiya lau. Kwana ukun nan da na buɗe baki da a awa ɗaya sun ƙare. Yau abin ya fi yawa, iyayen da yawa suna cikin rundunar Haɗin Kai a Borno da Yobe ko dajin Zamfara, ga wayoyin ɓoye a hostel ana yaɗa hotunan Facebook da ba a san na yaushe ba ne. Don haka tun kafin a kai ka ku yi alkawari da Mama, ka ce mata rana kaza duk sati za ki kira ta wayar hawus masta, kuma duk abin da ya faru gaskiya za ki faɗa min. Ka sa a ranka shirun Baba yawanci rashin sabis ne, labari mai nauyi kuma ta hannun rundunarsa yake zuwa wa iyali, ba ta bakin ɗan ajinku ba. In ka ji wani abu ya tsaya maka a rai ka tafi wajen malami kai tsaye ka ce a kira gida, ka yi alwala ka yi addu'a, ka ci abinci ko ba ka so. Kuma dan Allah kar ka riƙa faɗa wa mutane takamaiman inda Baba yake ko ranar da zai dawo, ka ce yana aiki a arewa maso gabas ya isa.

Ranar bizitin za a yi wadda ba wanda zai zo maka, gara ka sani tun yanzu. Kar ka kwanta a ɗaki kana leƙen get ta taga, ka fito ka zauna da abokinka da iyayensa, ko ka roƙi a kira mutumin nan na cikin gari.

Hutu kuma, sati biyu kafin a tashi ka kira ka tambaya gida yana ina yanzu, don fostin ba ya jiran ƙarshen zango. Ka san wa zai ɗauke ka, a wace tasha za ka sauka, wace lamba ce ta sabon bulo ɗin, ka ware kuɗin mota daban a ƙasan akwati tun farkon zango kar ka taɓa, kuma tafiya da safe, ban da ta dare. In gidan ya yi nisa sosai hutun kuma gajere ne kamar na tsakiyar zango, ku shirya da Mama ka yi shi a gidan wanda aka rubuta a fom, ka bar doguwar tafiya sai babban hutu.