Darasi na 7: Alkamar Bezostaya da Duba Tsatsa a Ganye

Sashe na 1

Ku furta sunan a hankali: Be-zos-ta-ya. Ku sake. Madalla.

Bezostaya 1 alkama ce da masanin iri Pavel Lukyanenko ya fitar a Krasnodar, kudancin Rasha, a 1959. Tana da gajeren kara mai ƙarfi, shi ya sa ba ta saurin kwanciya idan an ba ta taki. Zangarniyarta ba ta da dogon gashi. Garinta na yin burodi mai kyau, har manoman Turkiyya da Bulgeriya suka rungume ta.

A can ana shuka ta kafin sanyi ya kama, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, a girbe ta wajen Yuli. Sai ta sha makonni cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa kafin ta fid da kai. Hunturun Kadawa ko Haɗeja bai kai nan ba. Wanda ya zuba ta a fangalinsa, ganye zai yi ta ban ruwa.

Sashe na 2

Nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka mu tsaya.

Bezostaya tana da juriyar tsatsa, wato ciwon alkama mai fitowa kamar gari a jikin ganye ko kara, idan ta girma. Tsatsar kan kama ta, amma a hankali take yaɗuwa. Wannan juriya tana zuwa da wata alama: bakin ganyen sama yakan bushe. Ba ciwo ba ne.

Yaya za a bambance wannan bushewa da tsatsa? Da farin ƙyalle, a kowace irin alkama.

Kama ganyen. Duba samansa, juya, duba ƙasansa. Shafa ƙyallen. Ɗaga shi ka gani.

Idan gari ja ko ruwan ɗorawa ya manne, tsatsa ce. Idan ƙyallen ya fito fes, ba ita ba ce.

Mu sake. Kama, juya, shafa, duba. Kada ka ji kunya idan hannu bai saba ba, kowa da haka ya fara. Inna, ke ma gwada da gefen mayafinki, in fari ne.

Sau ɗaya kuma: shafa kafin ka yanke hukunci. Haba jama'a! Kullum sai an sami mai tsayawa a bakin gona ya hango ganye ya bushe, ya ruga sayen magani. Kuɗin nan a ƙasa ake tsintar su? Shiga gonar, durƙusa, shafa.

Sashe na 3

Garin da ya jeru layi-layi, ruwan ɗorawa, tsatsa mai zane ce. Wanda ya warwatsu ɗigo-ɗigo, tsatsar ganye. Ja mai duhu a jikin kara, ita ce mafi muni. In an ga haka, a kai wa malamin gona ganyen ko karan.

Sashe na 4

Irin da ya dace da mu, a tambayi Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri.

Aikin gida: rubuta “tsatsa” sau 5. A zo da farin ƙyalle.